Kama da Wane Ba Ta Wane: Dalilin da Murya Ɗaya Ba Ta Isar Holan, Beljiyam da Afirka ta Kudu

Daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Rotterdam ta Holan tafiyar kilomita kusan 100 ce, mai mota yana iya karya kumallo a nan ya riski taron hantsi a can. Yaran garuruwan biyu ƙa'idar rubutu ɗaya ake koya musu, kamus ɗaya suke buɗewa, in ka tambaye su sunan harshen da ke cikin littafinsu amsa ɗaya za su ba ka: Nederlands, wato Holanci. Amma duk kamfanin da ya san abin da yake yi, in zai sa tallar sabulu a rediyon ƙasashen biyu, sau biyu yake shiga situdiyo, da masu murya biyu, ya biya kuɗi biyu. Har ta kai wasan kwaikwayon da aka shirya a Beljiyam, in ya tsallaka talabijin ɗin Holan, sau da yawa sai an bi shi da rubutu a ƙasan allo. Rubutun kuma da Holanci ne. Wato ana fassara harshe zuwa kansa.

Can ƙurewar kudancin Afirka kuma akwai harshen Afirkans, wanda mai jin sa zai ɗauki jaridar Amsterdam ya fahimci mafi yawan abin da ke ciki ba tare da ya taɓa zama ajin Holanci ba. Shi ya sa kamfanonin fassara suke jera ukun nan wuri ɗaya a takardar farashinsu, kowanne da lambarsa: nl-NL, nl-BE, af-ZA. Mai biyan kuɗin aikin kuwa yakan tsaya ya tambaya, tun da suna jin juna, me zai hana a yi aiki ɗaya a raba musu? Tambayar tana kan hanya, kuma ba kullum ne amsarta take zama a'a ba. A ganina, a takarda harsuna biyu ne, a kunne kuwa kasuwa uku ce. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan sana'a daga rashin bambance takarda da kunne take tasowa.

Mu fara da takarda. A hukumance babu wani harshe mai suna Filamanci. Harshen yankin Filandas, wato arewacin Beljiyam mai mutane sama da miliyan 6, Holanci ne, haka dokokinsu suka kira shi. A 1980 Holan da Beljiyam suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Taalunie don kula da harshen, Suriname ta Kudancin Amurka ta shigo a 2004. Hukumar ce ke da alhakin jerin kalmomin da ake kira Groene Boekje, koren littafin da ke yanke hukunci kan yadda ake rubuta kowace kalma. A cikin harsuna 24 na Tarayyar Turai ma Holanci guda ɗaya ne, tafintocin da ke Brussels ba su da ɗakin 'yan arewa, wato Holan, daban da na 'yan kudu, wato Filandas. Saboda haka wanda zai fassara littafin bayanin injin wanki ko na janareta, fassara ɗaya ta ishe shi, duk wanda ya ce masa sai biyu neman kuɗinsa yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmomin da suka rataya ga hukuma da kuma kalmomin cikin gida. Ƙasashe biyu ne, kowacce da tsarin shari'arta, da na lafiyarta, da na bankinta. Mai gabatar da ƙara na gwamnati officier van justitie ne a Holan, a Beljiyam kuwa procureur des Konings. Kansilan da ke riƙe da ofis a ƙaramar hukuma wethouder ne a Holan, schepen ne a Beljiyam. Lambar shaidar ɗan ƙasa sunanta daban. Biyan kuɗi da kati a kanti, ɗan Holan zai ce pinnen, ɗan Beljiyam zai ambaci Bancontact. Shagon intanet da ya rubuta wa mutanen Ghent ta Beljiyam pinnen bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya tona wa kansa asiri cewa baƙo ne, kuma mai saye ba ya son miƙa lambar katinsa ga baƙo.

Na cikin gida sun fi ban dariya, wani lokacin kuma sun fi haɗari. Tas jaka ce a Holan, a Filandas kofin shayi ma tas ne. Schoon tsafta ce a arewa, a kudu kyau ne. Akwai wata kalma da uwa a Holan za ta faɗa wa ɗanta in yana son zagayawa, wadda a Filandas ba a furta ta gaban yara sam, bari in bar ta a nan. Wadda ta fi jan hankalina ita ce lopen. A ɗauka takardar sallama ce daga asibiti, an yi wa dattijo aiki a gwiwa, aka rubuta masa cewa bayan mako biyu yana iya lopen. In a Utrecht ta Holan aka rubuta, ana nufin ya soma takawa a ƙasa. Dattijon Antwerp kuwa abin da zai karanta shi ne an ba shi izinin gudu, don a wurinsu tafiya a ƙasa stappen ce ko wandelen. Harafi bai canza ba, kamus bai yi ƙarya ba, gwiwa ce za ta gaya wa mai ita.

Holancin Beljiyam ya sha aro daga Faransanci, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saurari Hausar Maraɗi ko Damagaram kusa da ta Kano ya ji inda Faransanci ya shiga a nan, Ingilishi ya shiga a can. Sai dai a Beljiyam zaman harsunan biyu ba na lumana ba ne, kuma sai an san wannan tarihi za a gane dalilin da kunnen mutanen Filandas yake da saurin jin ciwo. Da aka kafa ƙasar a 1830, Faransanci ne harshen kotu da soja da jami'a da duk wani mai son a kira shi wayayye, alhali masu Holanci ne suka fi yawa. Sai a 1898 doka ta daidaita harsunan biyu. Jami'ar Ghent ba ta koma koyarwa da Holanci gaba ɗaya ba sai 1930. An shata iyakar harshe a farkon shekarun 1960, kundin tsarin mulki bai samu kwafin Holanci mai ƙarfin doka ba sai 1967. A 1968 rikici ya ɓarke a jami'ar Leuven har aka raba ta biyu, masu Faransanci suka tashi aka gina musu sabon gari, Louvain-la-Neuve. Da aka zo rabon littattafan laburare, da lambar da ke jikin kowane littafi aka raba, masu mara a gefe guda, masu cika a ɗaya gefen.

Wannan gwagwarmaya ta bar wa masu fassara abinci. Wata doka ta 1973 ta wajabta wa kamfanonin da ke Filandas yin duk takardun da ke tsakaninsu da ma'aikata da Holanci, takardar da aka rubuta da wani harshe kuma a ɗauke ta kamar ba a yi ba. A 2013 kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar wani ma'aikacin kamfanin tashar jiragen ruwan Antwerp da aka rubuta kwantiraginsa da Ingilishi, ta ce dokar ta wuce gona da iri a kan kwantiragin da ya tsallaka iyakar ƙasa. An sassauta ta daga baya, amma kwafin Holanci bai daina zama dole ba. Takardun haihuwa da na aure da na makaranta kuwa, fassararsu sai rantsattsen mai fassara, kuma kowace ƙasa da rajistarta: Holan tana da tata tun 2009, Beljiyam tana da tata daban. Ɗalibin da zai tafi karatu ko mai shirin ɗaura aure a can, ya fara tambayar ofishin da zai karɓi takardar wane hatimi suke amincewa da shi, kafin ya biya kowa.

To, a bar takarda a zo ga makirfo. Ka sa mutum biyu su karanta gaisuwar safe, goedemorgen. Ɗan Amsterdam zai fito da harafin g ɗin nan daga can maƙogwaro, da ƙarfi, kamar mai kakarin majina, ya fi kusa da harafin kha na Larabci. Ɗan Filandas zai tura shi gaba zuwa ganɗa, ya fito a sanyaye kamar iska ta bi ta ƙofa. Su da kansu haka suke kiran su, g mai tauri da g mai laushi. Kafin a kai ƙarshen kalmar mai sauraro ya riga ya san daga inda mai maganar ya fito. Sai wasula, waɗanda 'yan arewa suke ja suna lanƙwasawa, 'yan kudu kuma suna barin su a miƙe. Sai kalmomin Ingilishi, da ɗan Holan yake furtawa kusan yadda Bature zai yi, ɗan Filandas kuwa yakan mayar da su gida. Iyakar furucin ma ba ta bi iyakar ƙasa daidai ba, don mutanen Brabant da Limburg na kudancin Holan su ma g mai laushi gare su.

Abin da kowane ɓangare yake ji a muryar ɗan uwansa shi ne ainihin abin da mai talla yake biya don ya kauce masa. Maganar da ta zama ruwan dare ita ce, kunnen Filandas yana jin muryar Holan da kaushi da cika baki, kamar mai sayar da magani a tasha. Kunnen Holan kuma yana jin ta Filandas da daɗi da ladabi, amma da ɗan ban dariya, irin muryar da za ka so ta ba ka labari ba wadda za ka danƙa wa kuɗin fansho ba. Adalci ne ko ba adalci ba, banki ba zai yi gwaji da kuɗinsa ba.

A da ratar ba ta kai haka ba. Mutanen Filandas sun daɗe suna kallon tashoshin Holan, kunnensu ya saba. A 1989 aka buɗe VTM, tashar kasuwanci ta farko a yankin, jama'a suka juya gare ta, da wasanninta da ke magana irin ta gida. Yaran da suka taso bayan nan ba su girma da muryar arewa a falo ba. Harshen rubutu yana nan a haɗe, na baki kuwa kowa ya kama gabansa.

Ko an yanke shawarar ɗaukar ɗan Filandas, tsugune ba ta ƙare ba, don magana hawa uku ce a yankin. Akwai daidaitaccen Holanci irin na mai karanta labarai a tashar gwamnati ta VRT, wanda kowa yake girmamawa amma ba mai yin sa a teburin abinci. Akwai karin harsunan gargajiya, waɗanda na yammacin Filandas ko 'yan ƙasar sai an rubuta musu a ƙasan allo. A tsakiya kuma akwai abin da suke kira tussentaal, wato harshen tsakani, wanda malaman harshe suka daɗe suna yi wa kallon shashanci amma shi ne ya cinye titi da wasan kwaikwayo. A cikinsa ake ce wa aboki gij, kalmar da in ɗan Holan ya ji sai ya tuna tsohuwar fassarar Baibul. Sanarwar filin jirgi da hawan farko ake yin ta. Tallar lemo ga matasa kuwa, in aka yi ta da muryar mai labarai, ta mutu tun ba a sa ta ba. Zaɓen hawan da ya dace ba aikin mai fassara kaɗai ba ne, sai an zauna da darakta da mai muryar, wani lokacin a sake rubuta jimlar a tsaye gaban makirfo.

Holan da Filandas ba su da al'adar ɗora murya a finafinan manya irin ta Jamus ko Faransa. Rubutun ƙasan allo suka saba da shi, ana ma yawan danganta ƙwarewarsu a Ingilishi da hakan. Saboda haka masu murya a talla suke ci, da littattafan saurare, da na'urar amsa waya, da darussan horar da ma'aikata, da kuma zanen yara, inda manyan finafinai sukan fito kashi biyu, na Holan daban na Filandas daban.

Afirkans kuwa labarinsa daban ne, kuma duk kamfanin da ya ce mai fassararsa na Holanci zai taɓa shi a gyara, a guje shi. A 1652 Jan van Riebeeck ya sauka a inda Cape Town take a yau don kafa wa kamfanin kasuwancin Holan zangon jiragen ruwa. Holancin matuƙa jirgi ya haɗu da bakin mutanen Khoikhoi, 'yan asalin wurin, da na bayin da aka kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da Madagaska da gabashin Afirka. A ɗakin girki da gona harshen ya narke ya sake ƙira. Har yau kicin a Afirkans kombuis ne, wanda a Holanci ɗakin girkin jirgin ruwa ne kawai. Kalmar da suke cewa da yawa, baie, daga Malayanci take, haka ayaba, piesang.

Abin da zai ba mai karatun Hausa sha'awa shi ne, cikin waɗanda suka fara rubuta harshen nan akwai Musulmin Cape, kuma da haruffan Larabci suka rubuta shi a makarantunsu, ajami sak. Wani malami da Daular Usmaniyya ta aiko, Abubakar Effendi, ya rubuta littafin fiƙihu mai suna Bayan al-Din da wannan ajami, aka buga shi a Istanbul a 1877. A lokacin yawancin fararen da ke magana da harshen suna ganin bai cancanci alƙalami ba, da Holanci suke rubutu da ibada. Sai a 1875 wasu suka kafa ƙungiya a garin Paarl don neman a rubuta shi, hukuma ta amince da shi a 1925, cikakken Baibul ya fito a 1933.

Nahawunsa ya zubar da kaya masu yawa. Inda Holanci yake canza aikatau, ik ben, jij bent, hij is, wij zijn, wato ni ne, kai ne, shi ne, mu ne, Afirkans is kawai yake sawa ga kowa. Korewa kuwa kamar a gidanmu: ek praat nie Engels nie, wato ba na yin Ingilishi, nie a gaba nie a baya, yadda muke cewa ban tafi ba, ba mu gani ba. Bahaushe ba zai sha wahalar wannan ba, ɗan Holan ne yake manta ta biyun. Tarkon da ya fi muni shi ne kalmar da ta zo ɗaya ma'ana ta saɓa. Ɗauki amper. Uba a Rotterdam in aka ce masa ɗansa amper geslaagd, ya ci jarrabawa ke nan, da ƙyar dai. Uba a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu in aka ce masa amper geslaag, yaron ya faɗi, saura ƙiris ya ci. Aardig yabo ne a Holanci, mutumin kirki, a Afirkans kuwa abin da bai kwanta maka a rai ba. Sunan da ɗan Holan yake kiran kyanwarsa da shi zagi ne mai nauyi a Afirka ta Kudu. Ladabi ma da nasa tsarin: yaro yana ce wa duk babba oom ko tannie, kawu ko gwaggo, kuma mai tarbiyya ba ya ce wa mahaifiyarsa ke, sai ya ce Ma za ta sha shayi? Fassarar da ta sa ɗa ya ce wa uwarsa jy a wasan kwaikwayo ta canza halin yaron ba da niyya ba.

Sannan ga nauyin tarihi. Gwamnatin wariyar launin fata ta mayar da Afirkans tutarta, kuma tilasta koyar da yara baƙaƙe da shi ne ya fito da ɗaliban Soweto kan titi ranar 16 ga Yunin 1976, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Yau ɗaya ne cikin harsunan hukuma 12, tun da aka ƙara maganar hannu ta kurame a 2023. Ƙidayar 2022 ta nuna kashi 10.6 cikin ɗari ne suke yin sa a gida, na uku bayan Zulu da Xhosa, ya sauko daga kashi 13.5 a 2011. Abin da na waje ba su cika sani ba shi ne fiye da rabin masu harshen ba farare ba ne, mafi yawansu daga al'ummar da hukuma ke kira Coloured suke, wato masu gaurayen asali, kuma da yawansu a Cape Town karin da ake kira Kaaps suke yi. To muryar wa za a ɗauka? Daidaitaccen furucin da aka gina a kan bakin farare, ko na mafi rinjaye da aka daɗe ana yi wa kallon maganar titi? Duk wanda kamfanin waya ya zaɓa, ya faɗi wani abu game da wanda yake ɗauka a matsayin kwastomansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Saɓanin Holan, a nan ɗora murya tsohuwar sana'a ce. Talabijin bai zo Afirka ta Kudu ba sai 1976, kuma tun daga farko ana mayar da shirye-shiryen waje zuwa Afirkans, wanda yake son muryar asali ya kunna rediyo a lokaci guda. A 'yan shekarun nan wasannin Turkiyya ne ake ɗora wa murya, kuma sun samu karɓuwa irin wadda finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka samu a wurinmu.

Sai injin. Abin mamaki, Filandas ta taɓa zama cibiyar fasahar murya ta duniya. Kamfanin Lernout & Hauspie, da aka kafa a garin Ieper a 1987, ya kai ga sayen manyan kamfanonin Amurka biyu, Dragon da Dictaphone, a 2000, kafin a gano cinikin bogi a littattafansa ya durƙushe a 2001, ya tafi da ajiyar dubban talakawan yankin da suka sayi hannun jari don kishin gida. Fasahar ta faɗa hannun kamfanin da ya zama Nuance, wanda Microsoft ta saye a 2022. Daga 1998 zuwa 2004 kuma, Holan da Filandas suka haɗa kuɗi aka naɗi maganar baki ta kalmomi kusan miliyan 9, kashi biyu cikin uku daga Holan, kashi ɗaya daga Filandas. Wato tun a tushe sun san in ba a ware wa kudu kasonsa ba, injin ba zai ji shi ba.

Rinjayen nan bai gushe ba. Holan tana da mutane wajen miliyan 18, kusan ninki uku na Filandas, don haka rubutun da ƙirƙirarriyar basira take koyo da shi ya fi karkata arewa. In ka ce mata ta fassara zuwa Holanci ba ka ƙara komai ba, na Holan za ta ba ka, da magnetron ɗinsa a inda matar Ghent take ce wa na'urar ɗumama abinci microgolfoven. Afirkans kuwa, da yake rubutunsa bai kai yawan na Holanci ba kuma sun yi kama, yakan fito da ɓurɓushin Holanci a jikinsa, jimla ta yi santsi amma ɗan harshen ya ji wani abu ya tsaya masa a wuya. Manyan kamfanonin fasaha suna da muryoyin nl-BE da af-ZA, kuma sun isa karanta ragowar kuɗin asusu ko sunan tasha. Amma hawa ɗaya suka iya, na mai karanta labarai. Ba su yin gij, ba su yin Kaaps.

Masu muryar kuwa damuwarsu ta koma kan takardar yarjejeniya. A al'adar sana'ar, ba lokacin da aka ɓata a situdiyo kaɗai ake biya ba, ana biyan inda za a sa muryar da tsawon lokacin da za ta yi: rediyon Filandas wata uku farashinsa daban, a haɗa da Holan da intanet shekara guda farashinsa daban. Rabuwar kasuwannin nan ita ce ta daɗe tana kare ɗan wasan Ghent daga gasar ɗan Amsterdam, da yake ba wanda zai iya cin abincin wani. Yanzu da ɗan abin da aka naɗa ake iya kwaikwayon muryar mutum, a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Shi ya sa kafin su sa hannu suke neman layin da ya ce ba za a ciyar da injin da muryarsu ba, wasu kuma in ba su gan shi ba sai su mayar da takardar.